Baba Arzika, Wanda Ya Hau Tudu Ba Takalmi

Ina cikin awon jarirai da safen nan waya ta shigo daga Bonkuku: Baba Arzika ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na miƙa wa wata mata ɗanta na nemi benci na zauna.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a likitar Filinge ya san shi. Shi ne direban ambilans ɗinmu tun ina koyon aiki har ya yi ritaya. In ka ga motarsa tsaye bakin hanya, to wata tsohuwa ya gani da kaya a kai. Ni kam "likita ƙarama" yake ce mini har na yi furfura, kuma bai taɓa dawowa daga ƙauye bai kawo mini ɗan cuku ba.

Amma tafiyarmu Burkina nake so ku ji.

Madam Terez, ungozomar da ta koya mini aiki, 'yar Katolika ce, iyayenta mutanen Benin. Zamanin mulkin soja, shekarar da Paparoma ya zo Wagadugu, ta samu wuri a motar da za ta kwashi mutanensu daga Yamai. Ta ɗaure jaka ta fito tasha, sai ga Baba Arzika a guje: matarsa Hawwa na naƙuda, ciki ya zo a gicciye. Madam ta ajiye jaka ta bi shi. Uwa ta tashi, ɗiya ta rayu, mota kuwa ta yi gaba.

Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai kullum tana cewa kafin ta mutu tana so ta ga tudun nan na bayan Wagadugu, inda 'yan addininsu ke zuwa ziyara, inda aka kafa alamar tunawa da zuwan Paparoman. Shekaru suka yi ta wucewa, ciwon suga ya ci ƙafafunta, ido ya fara dushewa. Har ta daina zancen.

Shi ne bai daina ba.

Rannan, tun hanya na da lafiya, ya aro motar ƙanensa ya tsaya ƙofar gidanta. Ya ce, "Madam, ki shirya, jibi muna tahiya. Motag ga ba ta barin ki."

Kai, ku zo ku ga yadda gari ya ɗauka! Wai Alhaji guda, mai sahun gaba, zai kai mutum wurin bautar Kirista. Wani har gida ya bi shi da nasiha. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ranar da Hawwa ta kusa tahiya, ina kuke? Matag ga ta bar nata ta zo ga nawa. Kowa ya ji da abin da ad damunai."

Ni na bi su saboda allurar Madam.

Da tsakar rana muka isa. Madam ba ta iya hawan tudu, sai muka ɗora ta a keken marasa lafiya da na aro a wurin aiki. Muna zuwa bakin ƙofa Baba ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe kamar yadda yake yi a masallacin Juma'a. Mai gadin wurin ya yi dariya, ya ce da Faransanci ai nan ba a cirewa. Na fassara masa.

"Ki ce mishi wurin ibadar mutane ne. Ni ban iya shiga da takalmi ba."

Ƙasa kuwa duk tsakuwa, ta ɗauki zafi kamar kaskon tuya. Na ce, "Haba Baba, don Allah ka sa!" Ya ce, "Likita ƙarama, riƙe mata lema ki bar surutu." Haka ya tura keken nan har sama, yana ɗingishi yana haki, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Madam ba ta ganin rubutun da ke jikin alamar, sai ta ɗora tafin hannu tana shafawa, ni ina karanta mata. Ta kunna kyandir, ta yi kuka har ta gode Allah. Shi kuwa ya ja baya can gindin wani icce, ya ɗauki butarsa ya yi sallar azahar. Wallahi ban taɓa alfahari da zama 'yar Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, kamar ranar ba.

Da muka sauko tafin ƙafarsa duk ya yi bororo. Da bandeji ya tuƙo mu har gida.

Tun daga nan 'yan tsokana suka laƙa masa "Alhajin Wagadugu". Shi kuma ya amsa da "Na'am!" da ƙarfi, har suka gaji suka bari.

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar Lahadi ne, yana dogara sanda, yana taya igiyar akuya. Ya ce, "Madam na shan maganinta kuwa? Ki gaishe ta, ki ce direbanta na nan."

Ban kai saƙon ba, na yi ta cewa gobe. Wannan yana ci mini rai.

Ɗazu na kira ta. Tana Yamai gidan ɗanta, ido ya rufe gaba ɗaya. Na faɗa mata rasuwarsa. Sai na ji ta ce, "Dakata, ɗiyata, in tuɓe takalmi. Arzika ba a yi masa addu'a da takalmi."

Allah Ya jiƙan Baba Arzika, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki. Allah Ya ba Inna Hawwa da 'ya'yansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku sa shi a addu'arku ta yau.