Ƙarfen Ƙarƙashin Motar Ƙanena

"Yaya, wannan bututun ba zai riƙe ba," in ji ƙanena Bukar.

A shekarun 1970 ne, muna wurin mai walda a unguwar Yerimaram, za a ɗaure wa motocinmu ƙarfe ta ƙasa saboda ramukan hanyar Mamudo. Na zaɓi siririn bututu mai sheƙi, shi ya ɗauki mummunan ƙarfen tsohuwar gingimari. Har dariya na yi masa.

Damina ɗaya motata ta murɗe, ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya.

Ranar da Inna ta dawo daga Hajji, na wanke motata tas, ni da Bukar muka je tarbarta, kowa da motarsa. Ta dubi igiyar.

"Babana, Allah ya yi albarka. Bari in shiga ta Bukar."

Har yau abin yana cina. Ku ma ƙanenku ya taɓa yi muku haka?