Shamuwar Kaka Tewes

A garin Stade, in ka kifa faranti ka ga kifi da tauraro a gindinsa, to daga hannun Hinnerk Rodewald ya fito. Maƙerin fari ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Kuza suke narkawa, su sa mata ɗan jan ƙarfe, su zubo faranti da cokali da kofin giya, kowane mai maƙera kuma ya buga tambarinsa a gindi don a san wanda za a yaba ko a zaga. Hinnerk dai yabon ya fi so, in ba a yi masa ba ya yi wa kansa. Matarsa Gesche takan ce maza biyu take aure, Hinnerk da bakinsa.

Kayan kuza ba sa dawwama. In faranti ya lanƙwashe, uwargida ta kai wa maƙeri ya narka ya zubo sabo. Amma da Hinnerk ya buɗe maƙerarsa yana ɗan shekara ashirin da huɗu, bai jira a kawo masa ba. Gida-gida ya bi yana neman kayan kakansa Tewes, masu tambarin shamuwa. Wai aikin tsohon ya yi nauyi, yayinsa ya wuce, tsuntsuwar ma ta fi kama da kaza mai ciwon wuya. Ya karɓa ya narka, ya mayar wa mutane sababbi masu kifi da tauraro. Cikin shekara goma ya share garin tas. Allon kuza na ƙungiyar maƙera da kowa ke buga tambarinsa a kai kuwa, tun babbar gobara ya narke.

Kwanci tashi Hinnerk ya kai shekara saba'in. Autansa Detlef ya gama koyon sana'a, ya yi yawon neman ƙwarewa na shekara uku, ya dawo da gemu da taurin kai. Ranar Litinin zai tsaya gaban dattawan ƙungiya ya buga nasa tambarin. Ana cikin shan miyar kabeji ya ce shi shamuwar Kaka Tewes yake so ya farfaɗo da ita. Dattawa sun yarda, amma sai an kawo abu ɗaya mai ɗauke da ita sun gani da idonsu. In babu, ya zaɓi wani tambarin, shamuwa kuma ta tafi ke nan har abada.

Cokali ya tsaya wa Hinnerk a hannu. Ya ce ai ya san ta sarai, zai zana musu. Sau bakwai yana zanawa yana gogewa. Dama take kallo ko hagu? Shi ya ce mabuɗi ne a bakinta, Gesche ta ce kwaɗo ne. Abin ya ci masa rai matuƙa, don babu wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Kwana uku tsoho na yawo gari yana kifa farantan mutane, daga gidan giya har gidan limamin coci. Ko'ina kifi da tauraro. Bai taɓa gajiya da ganin tambarinsa ba sai a kwanakin nan. Ranar Asabar Gesche ta dawo daga wajen masu sayar da kifi tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce an samu guda ɗaya mai shamuwa wurin Gwaggo Metta, matar marigayi mai jirgin fito, wadda ta haura casa'in. Ya ce faranti ne ko tulu? Ta ce fo ne, irin na ƙarƙashin gado.

Ya sa hularsa ta zuwa coci ya tafi. Ya tarar da tsohuwa bakin taga tana saƙa safa, ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Ɗan Rodewald, ka zo ka ƙarasa aikin ne?"

Ya gaishe ta a ladabce, ita kuwa ta zazzage masa. Faranti goma sha biyu na uwarta ya narka, nasa da ya ba ta ba su shekara biyar ba suka lanƙwashe. Wannan ɗaya ya tsira ne kawai don ta ji kunyar fito da shi gaban saurayi. Ta ce in yana so ya gani, ya durƙusa ya jawo da kansa.

"An wanke shi da safe," in ji ta. "Ina jin dai an wanke."

Hinnerk ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya jawo. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, fo ya ba da amo mai tsawo, garau, irin wanda kayansa ba su taɓa bayarwa ba. Ya kifa shi. Ga shamuwar nan, hagu take kallo, tsaye kan ƙafa ɗaya, babu komai a bakinta. Duk tambarin bai fi farcen babban yatsa ba, amma kana iya ƙirga gashin fiffikenta. Ya daɗe a durƙushe, har tsohuwa ta ajiye saƙa ta tambaye shi ko a kira mai ɗaga shi.

Aro kuwa ta ce ba ta bayarwa, ta san halinsa da wuta. Ranar Litinin ita ta zo da kanta cikin rigar Lahadi, ta ajiye shi kan teburin dattawa naɗe cikin farin ƙyalle. Manyan mutane suka riƙa miƙa wa juna shi da hannu biyu, kowa na maƙale dariya. Suka ce lallai shamuwa ce, Detlef ya je ya sassaƙa ƙarfen tambarinsa.

Detlef ne na ƙarshe da ya duba. Ya juya shi wajen haske, ya sake juyawa, sannan ya matso kusa da ubansa ya rage murya.

"Baba, kada ka ji haushi. Aikin nan ya fi naka."

"Na sani," in ji Hinnerk. "Tun ina ɗan ashirin da huɗu na sani."