Tattabarun Idrisa

Rana ta ƙarshe da Idrisa ya yi da lafiyarsa Laraba ce, a shekarar da kogin Yamai ya janye har yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa. Mahaifinsa Isaka, malamin ilmin halittu a lise, wato babbar sakandare, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a can, bai manta komai na ranar ba.

Ana sallame sallar asuba Idrisa ya buɗe akurkin da ke bayan gidansu a unguwar Gamkalle, tattabaru suka tashi. Kowace da muƙaminta: akwai Kaporal, akwai Sarja, akwai wani fari mai ɗingishi da ya naɗa Kumandan. Zamanin mulkin soja ne, ba a ɗaga murya da irin waɗannan sunaye. Mahaifiyarsa Hawa ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Idi, rage murya. Kai kaɗai ka rage kana yi wa kumandan tsawa a garin nan."

"To Inna, rabon Kaporal yake ci, in ƙyale shi?"

Da hantsi ya ɗaura buhun kashin tattabaru a keke ya kai wa masu garka a bakin kogi, ya dawo da salati da albasa. Bayan azahar ya tafi magazar da ake sauke jar dawar agaji. Sojan da ke gadi ya san shi, yakan bar shi ya share tsabar da ta zube ƙarƙashin buhuna, wadda ta sha danshi a hanya ta yi funfuna. Tun da fari da yunwa suka tsananta Idrisa ya rantse tsuntsayensa ba za su ci abin da mutum zai iya ci ba. Da la'asar ya sheƙe ta a tsakar gida yana waƙa, koren gari ya rufe masa gira.

Bayan magariba shi da mahaifinsa suka yi gardamarsu ta kullum. An haifi Idrisa da amosanin jini, wanda mutanen Yamai ke ce wa emasi. Saifarsa ta daɗe da daina aiki, jikinsa ba ya kare kansa kamar na kowa. Isaka ya san abin da ke cikin ƙurar akurki da ta ruɓaɓɓen hatsi, so yake a fitar da tsuntsayen daga gidan. Idrisa ya yi dariya ya ce kowace shekara Baba na korarsu, kowace shekara suna ƙaruwa, lalle addu'a yake musu a ɓoye.

Isaka bai iya matsawa ba, don ya san asalin abin. Ciwo ne ya raba Idrisa da lakwal, ya bar karatu. Yana kwance wata da watanni kawunsa ya kawo masa tattabaru biyu a kwando, sai ga wanda ba ya iya zama yana rarrafawa ƙofa don ya ga sun ci. Daga nan ya miƙe, ya wuce shekarun da aka ɗibar masa, ya zama mutumin da unguwa ke nema. Duk macen da ta haihu a Gamkalle ta sha romon 'yan shilarsa. Da mutanen arewa suka sauka bayan gari ba dabba ba hatsi, can yake kai 'yan shilar, ya zauna yana koyon gaisuwarsu suna dariyar bakinsa.

Washegarin Larabar zazzaɓi ya kama shi, da tari. A asibiti aka yi masa allurai, ya farfaɗo har yana tsokanar masu jinya. Sai abin ya dawo da ƙarfi. Lokotoro ya ɗaga hoton ƙirjin ga haske ya yi wa Isaka bayani. Ƙwayoyin bakteriya ne suka fara raunata huhun. Funfunar da ya shaƙa ta zauna a cikin raunin, amma ba ta yaɗu ba, don bakteriyar na hana ta wuri. Da allurai suka kashe su sai fili ya zama nata. Yanzu zarurrukanta sun saƙa wata tabarma, wasu bakteriyar sun fake a ciki inda magani ba ya kai musu.

Isaka ya gane tun kafin a gama. Sau da yawa ya nuna wa ɗalibai wannan faɗan a ɗan faranti. Ya zana wa ɗansa shi a bayan takardar magani, don Idrisa ba ya son a ɓoye masa. Idrisa ya duba ya ce ai Kumandan da Sarja ke nan: a kan tsaba kamar su kashe juna, amma kyanwa na shigowa tukunya ɗaya suke shiga. Ya yi dariya har tari ya tsayar da shi.

"Baba, kada a yanka su."

"Ba za a yanka ba."

Idrisa ya rasu kafin ruwan farko.

Bayan sadakar bakwai Hawa ta raba tufafinsa ga mutanen bayan gari. Keken ya koma hannun Amadu, ɗaya daga cikin masu garkar da yake kai wa taki. Buhun sharar da faifan sheƙa Isaka ya ƙone su da hannunsa. Tattabarun kuma aka zuba a kwanduna aka kai wa wani ɗan'uwan Amadu a Harobanda, ƙetaren kogi. Kafin mai kaiwa ya dawo, Kumandan na kan katanga. Aka sake kaiwa, suka sake dawowa, har da wata baƙuwa da suka janyo. Hawa ta tsaya tana dariya tana share ido da gefen zane.

Isaka bai aika a karo na uku ba. Ya rushe tsohon akurkin ya gina sabo inda iska ke ratsawa. Yana yayyafa ruwa kafin ya yi shara, ya ɗaure hanci da ƙyalle, gero mai tsabta yake ba su. Wata safiya Hawa ta ji shi a bayan gida yana yi wa Kumandan faɗa a kan rabon Kaporal. Ta leƙo da ludayinta.

"Mushe, rage murya."