Saitin Bindigar Hajiya Rabi

Akwai wata Asabar cikin watan Oktoba da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma duk sanda na tuna ta sai in ji zuciyata na tafasa kamar yanzu abin ya faru. Ku da kuka fara wannan aiki kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya fi wuya a filin harbi. Kuna zaton zan ce ƙara, ko tsayuwa cikin sanyi. To ku saurara.

A lokacin ina jami'in kula da layi a wani filin koyon harbi da ke bayan garin Manassas, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Kafin in zo ƙasar nan na yi aikin ɗan sanda a Kaduna, na kai matsayin sufeto a ɓangaren ajiyar makamai, don haka bindiga ba baƙuwata ba ce. A filin nan masu harbi suna zama ne a jere, kowa da teburinsa, ƙarƙashin wata doguwar rumfa. Bayan teburan akwai jan layi a ƙasa. Idan na busa usur na ce a dakata, kowa zai cire gidan harsashi, ya buɗe bindigarsa, ya ajiye ta, ya koma bayan layin. Sai a fita gaba a duba takardun da aka harba. Muddin akwai mutum a gaba, ba mai taɓa bindiga, ko da babu harsashi a cikinta. Sama da ni akwai manaja, wani mai suna Rik, sama da shi kuma mai filin, wata dattijuwa da ba ta cika leƙowa ba.

Da hantsi wasu miji da mata suka shigo da bindiga sabuwa ful, ko kwalinta ba su yar ba. Aka ba su teburin ƙarshe. Ina wucewa sai na ji matar ta ce da Hausa, "Abban Walid, ka bar takardar bayanin a mota."

Na ja na tsaya. Na ce, "Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

Da kun ga fuskokinsu! Mijin ya miƙo mini hannu biyu. Injiniya Sani ne, mutumin Zariya. Matarsa Hajiya Rabi 'yar Azare ce, tana aikin haɗa magunguna. Daga garin Greenbelt na jihar Maryland suka taso. Na ce sunana Bitrus, daga kudancin Kaduna. Muka gaisa sosai, har da tambayar mutanen gida.

Ashe bindigar ta Hajiya ce. Ta ce mahaifinta maharbi ne, amma bai taɓa barin 'ya mace ta ko kusanci bindigarsa ba. Yanzu 'ya'yansu sun tafi jami'a, gida ya yi shiru, wata abokiyar aikinta ta taɓa kai ta harbin takarda sau ɗaya, abin ya shiga ranta. Injiniya ya ce, yana dariya, "Ni direba ne kawai, Malam Bitrus, da ɗaukar kaya."

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayanin irin wannan bindiga. Baƙa ce, an yi mata siffar ta sojoji: gindinta yana zugewa ya ƙara tsawo ko ya rage, a samanta akwai wani ƙarfe mai tsaga-tsaga inda ake ɗaura madubin saiti. Wanda ya hango ta daga nesa zai ce ta yaƙi ce. Amma harsashinta shi ne ɗan ƙaramin nan da ake kira ashirin da biyu, wanda ake bugun gefen gindinsa maimakon tsakiya. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta ba ta da yawa, da ita ake koya wa sabon shiga. Sai dai fa tana kisa. Kada wani ya ce muku abin wasa ce.

Injiniya ya riga ya ɗaura madubin tun a gida, kuma ya yi ƙoƙari. Abin da ya rage shi ne a daidaita shi da idon mai harbin. Na sa Hajiya ta zauna, ta kwantar da kuncinta a gindin bindigar, muka sassauta sukurori muka matsa madubin har ta ce tana ganin da'irar a cike, babu baƙin inuwa a gefe. Muka duba bai karkace ba, muka ɗaure. Na ɗora bindigar a kan buhunan yashi, aka kafa takarda a yadi ashirin da biyar.

Na ce, "Hajiya, ki auna tsakiya, ki saki uku. Duk inda na farko ya faɗa, kada ki bi shi. So muke mu ga inda suke taruwa."

Ta gyara abin toshe kunne a kan mayafinta, ta yi bismillah, ta ja kunama a hankali. Ramukan uku suka taru kusa da juna, ƙasa da tsakiya kuma ta hagu. Na ce mata wannan labari ne mai daɗi, domin hannunta a tsaye yake, madubin ne kawai ke son gyara. Na nuna musu abubuwan murɗawa guda biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Na ce a murɗa sama da dama, Injiniya ya karɓi aikin murɗawa. Aka sake harbi, sai ramukan suka ƙara yin hagu.

"Dama fa ya ce, Abban Walid!"

"Ai dama na murɗa!"

"Damarka ko damar bindiga?"

Suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Da aka gyara, harbi na gaba ya shiga baƙin tsakiya, ta ɗaga kai ta ce alhamdulillahi da ƙarfi, kamar wadda aka yi wa albishir.

Ana cikin haka Rik ya kira ni ta rediyo. Na bar wa abokin aikina layin na tafi ofis. Yana tsaye bakin taga, ya ce in rufe ƙofa.

Ya ce, "Mutanen nan na teburin ƙarshe, yarenku ɗaya, ko?"

Na ce eh.

Ya ce wani tsohon memba mai suna Hal ya kawo ƙorafi. Wai hankalinsa bai kwanta ba: ga bindiga irin ta sojoji, ga mace a lulluɓe, ga wani yare da ba a ganewa, kuma ya ji suna ambaton Allah kafin su yi harbi. Wai in ba a yi wani abu ba zai kira 'yan sanda.

Na ce, "Wace doka suka karya?"

"Ban ce sun karya doka ba. So nake ka koma ka tsaya bayansu kamar kana aikinka, ka saurari abin da suke cewa, ka zo ka faɗa mini."

Na ce masa tun safe ina tare da su, kuma abin da suke cewa bai wuce hagu da dama ba. Na tuna masa cewa bindigar da ke gaban Hal a daidai wannan lokaci siffarta ɗaya da tasu, kuma tasa ce ma mai babban harsashi.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Haba Bitrus. Kai fa ka fi kowa sanin irin mutanen nan. Ba kai ka ba ni labarin yadda aka ƙone gidanku ba?"

Jama'a, na daɗe ban ji abin da ya soke ni irin wannan magana ba. Gaskiya ne, wata rana da ruwa ya hana mutane zuwa, muna shan kofi, na ba shi labarin wani rikici da aka yi a garinmu aka ƙone gidan mahaifina. Amma a zaman nan ɗaya na faɗa masa cewa maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mahaifiyata a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa. Ashe rabin labarin ya adana, rabin ya watsar. Baƙin cikin gidanmu da na amince na buɗe masa, shi ya ɗauko yana so ya ja ni da shi in yi wa baƙina leƙen asiri.

Na ce, "An ɗauke ni in kula da layi. In ka ga sun yi abin haɗari, nuna mini, ni da kaina zan fitar da su. Amma wannan ba zan yi ba."

Ya ce to, shi zai je da kansa.

Ya iso daidai lokacin da aka busa usur, kowa yana bayan jan layi, wasu sun fita gaba suna canza takardu. Wuri ya yi tsit, duk wanda ke rumfar yana jin abin da ake faɗa. Ya nemi Injiniya da Hajiya su sake nuna masa katin shaida, alhali an duba a ƙofa. Suka ba shi. Ya juya shi gaba da baya, bai sami komai ba. Sai ya ce daga yanzu, saboda tsaro, Turanci kaɗai za a riƙa yi a layi. Tebur biyu tsakani, ga wasu abokai da suka wuni suna hira da Sifaniyanci. Ko kallonsu bai yi ba.

Na dubi Injiniya. Mutumin da ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, furfura ta fara fito masa. Bai ko dubi Rik ba. Ya ce wa matarsa, "Rabi, tashi mu tafi." Ya juya a fusace ya tsallake jan layin, ya miƙa hannu zai ɗauki bindigar ya mayar kwali. Ga mutane a gaba, sun ba mu baya.

Na daka masa tsawa: "Injiniya, tsaya! Kar ka taɓa! Koma baya!"

Ya ƙame, hannunsa a sama. Ya dubi gaba, ya ga mutanen, ya ja da baya a hankali, kunya ta rufe shi. Da Hausa na yi tsawar, ban ma yi tunani ba, kuma ita ce ta fi saurin isa kunnen mutumin da ransa ya ɓaci. Tun safe mutanen nan ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Haɗari guda da aka kusa samu a filin nan ranar, manajan da ya zo da sunan tsaro ne ya haddasa shi. Sannan ni aka bari da yi wa mutumin kirki tsawa a gaban wanda ya kai ƙararsa. Na hango Hal yana gyaɗa kai, irin na wanda maganarsa ta tabbata. Wallahi sai da na dunƙule hannu a aljihu.

Hajiya Rabi ce ta katse shirun. Ta ce wa mijinta, "Abban Walid, ka yi haƙuri. Ban gama ba, saura yadi hamsin." Ta juya wajen Rik, cikin Turanci mai sanyi ta ce, "Ka gama da katin? To ba ni. Ina da saitin da zan ƙarasa."

Aka kai takarda yadi hamsin. Da na buɗe layi ta zauna. Na ɗauki madubin hange na tsaya kusa da ita, Rik yana bayana, na ɗaga murya da Hausa yadda kowa zai ji.

"Ya ɗan yi sama, Hajiya. A sauke shi kaɗan."

Ta murɗa da kanta. Na ce ta ja numfashi ta saki rabinsa kafin ta ja kunama. Ta sake harbi, ta sake. A harbin ƙarshe ramukan suka taru cikin baƙin tsakiya, tafin hannun jariri zai rufe su. Ba ta yi murna irin ta ɗazu ba. Da aka dakata ta je ta ciro takardarta ta naɗe, suka haɗa kaya. A bakin mota Injiniya ya kama hannuna ya ce, "Malam Bitrus, mun gode. Ka yi daidai da ka tsayar da ni." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari Rik ya cire ni daga layi saboda rashin biyayya, ya tura ni ɗakin baya ina wanke bindigogin haya har sanyi ya shigo. Da mai filin ta zo ta saurari kowannenmu, ta ce babu wata dokar Turanci a filinta, aka mayar da ni bakin aikina. Iyakar abin da aka yi ke nan. Rik ya ci gaba da zama manaja, Hal ya ci gaba da zuwa kowace Asabar, kuma babu wanda ya nemi mutanen nan ya ba su haƙuri. Na roƙa a yi, aka ce a bar maganar ta wuce.

Bayan wasu watanni na haɗu da Injiniya a wani taron suna a garin Clinton. Na tambaye shi Hajiya da bindigarta. Ya ce ta sami wani fili a Maryland, har ta shiga ƙungiyar mata masu harbin takarda, kuma hannunta ya faɗa sosai. Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ina kai ta. A mota nake jira."

Tun waccan Asabar bai sake taka ƙafarsa cikin filin harbi ba.

Don haka ku da za ku tsaya a layi, ga abin da na koya. Idonku ya kasance a kan inda bakin bindiga ya dosa, da inda yatsa yake, da ƙafar da ke kusa da jan layi. Nan aikinku yake. Sabon mai bindiga yakan zo da tsoro da zumuɗi, yana bin doka fiye da tsofaffin hannu, sai fa in an wulaƙanta shi, domin ɓacin rai ne ke sa mutum ya manta abin da aka koya masa da safe. Idan wani ya zo muku da ƙorafi, ku tambaye shi me ya ga an yi. In bai da amsa sai sutura da yare, ku ce ya koma teburinsa. Na yi shekaru a bakin layi, na ga ganganci ya kusa halaka mutane, na ga girman kai ya kusa yin haka, amma ban taɓa ganin mayafi ya harbi kowa ba.