Sunan Abban Ilham Ya Dawo Gida a Kago

Tun kafin a buga mana biza abu ɗaya ke hana ni sukuni: Ilham ta daina tambayar Abbanta. Da can kullum sai ta ɗauko wayata ta ce in kira mata Dubai. Bayan ya rasu a can, lokacin da korona ta rufe ko'ina, ta yi ta tambaya har na fita takaba, sai kuma ta yi shiru. Shekararta huɗu. Wallahi shirun nan ya fi kukan tayar min da hankali. Shi ya sa da yayan marigayin ya ce zai je a kammala maganar shagon Abban Ilham na kago, wato inda ake turo wa 'yan kasuwa kayansu gida, na ce ƙafata ƙafarsa, ni da yarinyar.

Dangi sun riga sun yarda a sayar da shagon. Abu guda aka bar min. Mai sayen yana so sunan marigayin ya ci gaba da zama a allon saman ƙofa, saboda da shi 'yan kasuwa suka saba. Yaya ya ce, "Wannan kam taki ce, ke da Ilham." Ni kuwa a raina na gama yarda. Ina ganin ko ba komai akwai wuri ɗaya a duniya da za a ɗaga kai a karanta sunansa.

Mun tashi da asuba daga Kano a mota, don lokacin jirgin waje sai an je Abuja. Har Zariya ana hira, ana zagin ramuka. Muna wuce Kaduna motar ta yi tsit, kun dai san hanyar, direba sai jan carbi yake da hannu ɗaya. Na danne kan Ilham a cinyata har ta ce ina karya mata wuya. Sai da muka tsaya a Tafa aka sayi doya da ƙwai sannan na ji yunwa. A filin jirgi kowa da takunkumi da takardar gwaji a hannu. Da muka sauka Dubai ma sai da aka sake zura mana tsinken audugar nan a hanci. Yaya, da girmansa da gemunsa, ya yi hawaye. Ilham ta ce masa, "Baffa yi haƙuri, za a saya maka alawa."

Masauƙinmu wani ƙaramin otal ne a Al Rigga. Unguwar ba ta hutawa, ga masu canjin kuɗi, ga gidajen abinci jere. Titi tas kamar an wanke da omo, ba ka jin hon, kowa sauri yake kamar ya bar tukunya a wuta. Jirgin ƙasansu a sama yake tafiya kuma ba direba, ni dai sai da na yi addu'a kafin na sa ƙafa. Shayin da suke kira karak dirhami ɗaya ne, mai kauri da ƙamshi, shi ya riƙe ni. Shinkafarsu kuwa Ilham ta ɗanɗana ta ture, sai da Yaya ya kai mu wani bene a Deira inda wata 'yar Kano ke tuƙa tuwo da miyar kuka. Matar ta san Abban Ilham. Ta ƙi karɓar kuɗinmu, ta koma kicin tana share ido da bakin mayafi.

Washegari muka je maƙabarta, can bayan gari, rairayi ko'ina. Yaya ya ce mu jira a mota. Da ya fito na tambaye shi ko ya gane wurin, ya ce ya gane, da lamba. Na ce ba suna? Ya ce, "Lamba ce kawai, Maman Ilham."  Na dai ƙara ƙudurta cewa allon shagon nan ba mai taɓa shi.

Shagon yana Al Buteen, cikin tsohuwar Deira, lungu-lungu kamar Kantin Kwari amma ba ƙura. Kwalaye har rufi, ƙarar salatef, babban sikeli a bakin ƙofa. Ga sunansa a sama da koren fenti, da Larabci da boko. Na ɗaga Ilham na ce, "Kin ga Abbanki." Ta duba sama, ta duba cikin shagon, ta ce, "Ina?" Mai sayen mutum ne mai fara'a, sai "habibi", wato masoyina, yake ce wa Yaya, ya ce gobe da safe a sa hannu, khalas, wato shi ke nan.

Da la'asar Yaya ya ce mu je bakin ruwa mu sha iska, a hau kwalekwalen katako da suke kira abra, shi ma dirhami ɗaya. Muna zaune a benci muna jira, iska ta fizge takarda daga hannun wata tsohuwa farar fata da ke gefenmu, ta faɗi inda mutane ke takawa. Ni na koya wa Ilham, kamar yadda aka koya min, duk takardar da ta gani da rubutu irin na allo kada ta bari a ƙasa. Kafin in riƙe ta ta ruga ta ɗauka, ta kaɗe, ta ɗora a goshi, ta ce, "Mami, sunan Allah a ƙasa!"

Na karɓa na duba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san baƙaƙen Larabci, waɗannan ba su ba ne. Masu kusurwa ne, kowanne zaune shi kaɗai kamar an jera tubali. Sai dai na lura tsohuwar daga dama take buɗe shafi, irin yadda muke buɗe izu. Yaya ya raɗa min, "Jaridar Yahudawa ce, kwanan nan aka buɗe musu hanyar zuwa nan." Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na janyo Ilham jikina. Sai tsohuwar ta yi magana da Larabci, wai a bakin mahaifiyarta ta koya. Yaya yana jin na kasuwa, da sabo ya ce mata "ya Hajja", sannan ya kama bakinsa. Ta yi dariya har takunkuminta ya zame.

Ta tambayi abin da yarinyar ta ce, Yaya ya faɗa mata. Ta daɗe tana kallon Ilham. Ta ce a gaya mata babu sunan Allah a ciki, don su ma ba sa buga shi a jarida, saboda sun san ƙarshenta a naɗe kifi da ita. Kakanta ne ya kafa wannan doka a gidan. Yaya ya ce wane gida? Ta sa yatsa a saman shafin farko, ƙarƙashin manyan baƙaƙe, inda akwai wani siririn layi. Ta ce, "Sunan kakana ke nan."

Kwalekwale ya zo ya tafi ba mu hau ba. Tana faɗa, Yaya yana juya min. Kakanta da abokansa suka fara jaridar a ɗaki ɗaya, lokacin da yarensu, Ibrananci, ya fi yawa a littafin addu'a, mutane kaɗan ke cinikin tumatir da shi. Har sababbin kalmomi suke ƙirƙira idan labari ya zo da abin da ba shi da suna. Kullum sai ta fito. Abokan suka gaji, ya sayi rabonsu. Da ya mutu mahaifinta ya karɓa, ta ce da warin tawada ta san babanta ya dawo gida. Bayan shi 'yan uwanta suka gada, mutane suka koma karanta labari a waya, abu ya yi nauyi, aka sayar wa wani attajiri. Ita ce ta kafe, ta ce ba za ta sa hannu ba sai an bar sunan kakanta a inda yake. Aka bar mata.

"Binti," ta ce, wato 'yata, ni take kallo ba Yaya ba, "yanzu abin da mai ita yake so shi ake rubutawa. Mutanen da babana ya tsaya wa, su ake zagi a ciki, ga sunanmu a sama. A kasuwa sai a tare ni a ce me ya sa jaridarku ta rubuta kaza." Yaya ya ce to me ya sa take saye? Ta juya can ciki, shafin da ke cike da ƙananan akwatuna masu baƙin baki. Sanarwar rasuwa ce. Ta ce nan kaɗai take karantawa, ta ga wa ya rage. Da ƙaninta ya mutu sai da ta bi layi ta biya kuɗi kafin a sa sunansa, yarinyar da ke karɓa ma ta ce ta maimaita mata yadda ake rubuta sunan gidan.

Wani saurayi, jikanta, ya zo ya kama hannunta. Ta ninke shafin da Ilham ta tsinta ta ba ta. Ko sunan juna ba mu tambaya ba.

A abra kowa na ɗaukar hoto, ni ruwa kawai nake kallo. Ban ce mai sayen mugu ne ba, ban san shi ba. Amma gobe idan kayan wani suka ɓace, a Kwari cewa za a yi shagon wane ya cinye min kaya. Shi yana kwance ƙarƙashin lamba, ba bakin amsawa. Ilham kuma ta tashi tana ji.

Da safe na ce wa Yaya a sauke allon. Ya ce, "Maman Ilham, kin san zai rage abin da zai bayar?" Na ce na sani. Mutumin ya yi ta "shwayya, shwayya, a hankali, Madam ta yi tunani," na ce Madam ta yi. Ban taɓa musu da namiji a gaban mutane ba. Yaya ya dube ni, ya juya ya ce masa khalas. Aka kawo tsani. Ma'aikatan da suka yi aiki da marigayin su suka kwance. Inda allon ya tashi bangon ya fi sauran haske. Ya fi ƙarfin jaka, sai suka naɗe shi da kwali suka ɗora a sikelin nan kamar kayan kowa. Shi ne kaya na ƙarshe da shagon ya turo da sunansa.

Mun dawo lafiya, ta Abuja, ta hanyar nan mai sa shiru. Takardar tsohuwar tana saman sif, inda nake ajiye duk abin da ba a bari a ƙasa. Allon ya iso bayanmu, yana jingine a ɗakina don ba bangon da zai ɗauke shi. Na tafi ina ganin suna a saman ƙofa shi ne mutum bai ɓace ba, na dawo na gane sai da mai tsaron sunan. Rannan na shigo na tarar Ilham tana bin koren baƙaƙen da yatsa, daga dama. Ta ce, "Mami, Abba yana da dariya?" Na buɗe baki, kuka ya riga ni.

'Yan uwa, da yawanku kun turo kaya ta hannunsa, wasu kun fi ni zama da shi, don shekarun aurenmu rabi a waya muka yi su. Roƙona gare ku, ku sa shi a addu'a. Sannan duk wanda ya tuna wani abu nasa, ko wasa ne, ko faɗa ne a kan kwali, ya turo min da murya. Zan kunna wa Ilham.