Jiran Inji Ya Huce

Jiya motata ta yi zafi a hanyar Kurfi, sai marigayi Kawu bakanike ya faɗo mini a rai. Mun taɓa tsayawa haka ni da shi, na rarumo jarkar ruwa zan kwara wa injin, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, gasket ne ke raba ruwa da mai da wuta a cikin injin. In ka kwara ruwan sanyi yanzu, murfin injin zai lanƙwashe, gasket ya ƙone. Zauna."

Muka zauna gindin bedi muna ɓare gyaɗa, yatsunsa na warin baƙin mai, yana hira har ƙarfen ya huce.

Jiya ma na zauna, ni kaɗai. Ban taɓa sanin inji na daɗewa haka kafin ya huce ba. Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu.