Giɓin da Na Ɓoye wa Taubashina

Edita, a aji huɗu na bar firamare, in ka ga rubutu ya karkace ka miƙe shi, ladar taka ce. Lokacin da abin ga ya faru ina da shekara hamsin da 'yan kai, ina fataucin albasa tsakanin Illela da Ƙonni, kuma duk unguwarmu babu mai bakina. Bayan magariba mukan fito da kwanoninmu ƙofar gida mu yi ciyayya, mu bakwai. A nan nake cin taubashina, ɗan goggona, wanda haƙoransa na gaba suka zube tun yana saurayi. Shekara ashirin ina kiransa Ƙofar Iyaka, ina cewa ko kwastan ba su tsare bakinsa, komi wucewa yake. Shi dai dariya.

Sai ran nan babur ya kayar da ni a hanyar Araba, haƙori ɗaya na gaba ya tafi bai yi sallama ba. Wallahi ban tuna da jini ba, taubashi na tuna. Na ɗaure baki da rawani, na ce sanyi ne, na wuce Sakkwato wajen likitan haƙori.

Likitan ya ba ni zaɓi biyu. Ko a dasa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ya kama, sannan a ɗora haƙori. Ko a yi abin da ya kira gada, a kankare haƙora biyu na gefe su zama ginshiƙai, mako biyu an gama. Ya ce duka biyun aiki ne mai kyau, amma tunda na gefen lafiyarsu lau, shi dashen zai fi so mini. Na tambaye shi, watannin nan da wane baki zan zauna ciyayya. Ya ce akwai na wucin gadi da ake cirewa. Na hango shi ya faɗo cikin miyar kuka gaban mutum shida, na ce a yi gada.

Ya gargaɗe ni in riƙa wanke ƙarƙashinta da wani zare, in rage goro, in riƙa komowa ana dubawa. Ko ɗaya ban yi ba, don zaren zai tona ni a cikin gida. Har rake nake ɓarewa da ita gaban jama'a, ina ci gaba da tsokanar bawan Allah. Shekara shida, ginshiƙan suka ruɓe daga ciki. Giɓi ɗaya ya zama uku, kuma likita ya ce ƙashin ya zaizaye, dashe yanzu sai an yi ciko an daɗe ana jira.

Na daina fita ciyayya. Na ce ciwon ciki ne. Ina zaune a ɗaki ina shan kunu, ina jin dariyarsu ta kan katanga. Taubashi ya yi sallama sau uku, na sa a ce ina barci. Kullum sai ga kwanon tuwo mai laushi daga gidansa, naman an daka shi lilis. Ban tambayi kaina mi ya sa aka daka ba.

Cikin wata na biyar da daina fitata taubashi ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Wajen zaman makoki matarsa ta aiko mini cewa ya san da gadar tun makon farko, don ya ga haƙori ɗaya ya fi 'yan uwansa fari. Ya hana kowa faɗi. Ya ce a bar ni, bakin nan shi ne jarina.

Yanzu na koma ciyayya, shekaru sun ja, mu huɗu muka rage, kuma babu mai tsokanata. Sun ce girmamawa ce. Ni kuwa da za a samu mai kirana Ƙofar Iyaka, da na ba shi buhun albasa.

Ga masu giɓi irina, dashe ko gada, ku zauna da likita ku zaɓa don lafiyar bakinku, ku bi abin da ya ce. Kada ku zaɓa don tsoron dariyar mutane. In kuma mai tsokanarku ya yi sallama, ku fito da giɓinku ku amsa masa.